TSARABAR DA BA A JAKA TAKE ZUWA BA: ZAZZAƁIN CIKUNGUNYA DA CIWON GAƁOƁI



 Allah Ya ƙara wa masu lafiyarmu lafiya, marasa lafiyarmu na gida da na asibiti Allah Ya tashi kafaɗunsu. Darasinmu na yau yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe, musamman wanda yake da matafiyi a gidansa: ɗan kasuwa mai zuwa Sin ko Indiya, mai raka majinyaci waje, ɗalibi, direban da ke bin hanyar Chadi, ko mai zuwa Sudan.

*Kuskuren da na taɓa yi*

Zan fara da laifin kaina, domin kada wani mai magani ya maimaita shi.

Wajen ƙarshen damina ta 2016 aka shigo mini da wani bawan Allah nan Hotoro, ɗan kasuwa ne, shekarunsa ba su kai hamsin ba. Mutum biyu ne suka riƙo shi. Yana tafiya a duƙe kamar tsoho ɗan tamanin, in ya taka ƙasa sai ya cije baki. Na miƙa masa hannu mu gaisa, ya ce, "Malam, a yi mini afuwa, yatsun nan ko an taɓa su ji nake kamar an karya."

Labarin da suka ba ni shi ne, sati uku da suka wuce zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi rana ɗaya. An yi masa allurar maleriya, ba sauƙi. Aka ce taifot ne, ya shanye kwalin magani. Zazzaɓin ya sauka da kansa bayan 'yan kwanaki, amma wuyan hannu, yatsu, gwiwa da idon sawu suka riƙe. Ba ya iya buɗe murfin jarka, ba ya iya maɓalle wuyan rigarsa, tashahhudi kuwa sai dai ya miƙe ƙafa. A gida har an fara ƙus-ƙus. Wasu suna cewa jifa ne daga abokan kasuwa. Mahaifiyarsa ta fara zargin amaryarsa, wadda ko shekara ba ta yi a gidan ba.

Ni kuma na duba na ce sanyin ƙashi ne. Na haɗa masa abin sha da na shafawa, na sa aka yi masa ƙaho. Na tambaye shi abincinsa, na tambaye shi barcinsa, na tambaye shi ko akwai mai irin ciwon a danginsu. Tambaya ɗaya ce ban yi ba: "Alhaji, daga ina ka dawo?"

Ashe kwana huɗu kafin zazzaɓin ya sauka daga jirgi. Ya raka mahaifiyar tasa asibiti a Delhi ta ƙasar Indiya, a daidai lokacin da cutar cikungunya take kwantar da mutane a birnin. Bai faɗa ba domin bai ga haɗin ba, ni ma ban tambaya ba. Sai da suka koma Indiya ganin likita bayan wata huɗu, likitan Hajiya ya lura da yadda ɗanta ke riƙe da biro, ya sa aka ɗebi jininsa. A nan aka ga alamar cutar ta taɓa shigarsa. Da ya dawo ya zo ya faɗa mini, wallahi kunya ta kama ni. Amaryar kuwa, wata huɗu ta yi tana cin tuwo da hawaye a kan laifin sauro.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da zazzaɓi ko ciwon gaɓa, kafin na taɓa kwalba ɗaya sai na tambayi inda ya je a sati biyun da suka gabaci ciwon.

*Mece ce cikungunya?*

Ƙwayar cuta ce irin wadda likitoci ke kira bairos. Ba irin ta maleriya ba ce, ba irin ta taifot ba ce, shi ya sa maganin waɗannan biyun ba ya taɓa ta. An fara gane ta a 1952 a kudancin Tanzaniya, wajen ƙabilar Makonde. Sunan ma daga harshensu ya fito, yana nufin abin da ke tanƙwara mutum ya duƙar da shi. Mutanen Sudan kuma suna ce mata kankasha. Duk wanda ya ga mai ciwon yana tafiya ya san sunayen nan sun dace.

Ba a ɗaukarta ta musafaha, ko tari, ko cin abinci a kwano ɗaya. Sauro ne yake cizon mai ciwon ya kai wa mai lafiya. Kuma ba sauron dare mai kawo maleriya ba. Wannan ɗan ƙarami ne baƙi, mai zanen fari a ƙafafu da jiki, masana suna kiransa Aedes. Da rana yake cizo, ya fi ƙarfi da hantsi da kuma daga la'asar zuwa magariba. Shi ne kuma yake kawo zazzaɓin dengi da na shawara. Yana nan ƙasarmu, ba baƙo ba ne.

Ga kaɗan daga inda ta yi ɓarna, don ku ga hanyoyinmu ne:

A tsibirin Reunion da ke tekun Indiya, tsakanin 2005 da 2006, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin sun kamu.

A Indiya a 2006, waɗanda aka lissafa sun haura miliyan ɗaya.

A Kasala ta Sudan, garin da 'yan'uwanmu Hausawa ke zaune da yawa, ta kwantar da dubban mutane a 2018.

A gabashin Chadi, galibi a Abeche, a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga sama da mutum 27,000 tsakanin Yuli da Satumba.

A Foshan ta ƙasar Sin, daga Yulin 2025 zuwa farkon Agusta, sama da mutum 7,000. Foshan kuwa maƙwabciyar Guangzhou ce, inda 'yan kasuwarmu na Kwari da Wambai da masu tayil da kujeru ke saro kaya.

A nan Najeriya ma, tun shekarun 1960 masu bincike a Ibadan suka gano ƙwayar a jinin mutane.

Akwai kuma darasi babba a abin da ya faru a Italiya a 2007. Mutum ɗaya ne ya zo daga Indiya ziyarar ɗan'uwansa a wani ƙauye na yankin Ravenna, yana ɗauke da zazzaɓin. Sauron ƙauyen ya cije shi. Kafin zafi ya wuce, sama da mutum 200 sun kwanta. To, in ƙauyen Turawa ya ga haka, ina ga layinmu mai randa a kowane tsakar gida da tsofaffin tayoyi a kan kowane rufi?

*Yadda ake gane ta*

1. Takan bayyana kwana 3 zuwa 7 bayan cizon, wani lokacin har kwana 12. Kenan mutum zai iya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano garau, a yi masa sannu da zuwa, a raba tsaraba, sai bayan kwana uku ta kayar da shi.

2. Zazzaɓi mai zafi da ke zuwa farat ɗaya. Da safe lafiya, da azahar rawar ɗari.

3. Ciwon gaɓoɓi mai tsanani, galibi dama da hagu tare: wuyan hannu, yatsu, idon sawu, gwiwa. Wani lokacin da kumburi.

4. Ƙananan ƙuraje a ƙirji, baya da hannuwa bayan kwana biyu zuwa biyar, wasu da ƙaiƙayi.

5. Ciwon kai, ciwon jiki, tashin zuciya, jan ido, kasala.

Zazzaɓin yakan tafi cikin sati ɗaya zuwa kwana goma. Mutane da yawa suna warwarewa sarai. Amma akwai waɗanda ciwon gaɓar ke zama musu watanni, wasu har shekaru, ya lafa ya dawo. Alamarsa ita ce sandarewar asuba: mutum ya tashi sallah ya ji yatsu sun ƙi lanƙwasuwa, sai rana ta ɗaga su saki. Ya fi daɗewa a jikin masu shekaru, da mata, da wanda dama yana fama da gaɓoɓinsa. Ba kasafai take kisa ba, amma tana da haɗari ga jariri sabon haihuwa, da tsoho, da mai ciwon suga ko hawan jini ko ciwon zuciya. Mai ciki da ta kamu daf da haihuwa tana iya sa wa jaririn, don haka asibiti za ta haihu, kuma a gaya wa likita. Abin godiya shi ne, wanda ya yi ta sau ɗaya galibi ba ya sake yi.

*Satin farko: abin da za a yi*

Na farko, a je a yi gwajin maleriya a ranar. Kada wani ya karanta wannan rubutun ya zauna a gida yana cewa ai cikungunya ce. Maleriya ta fi yawa a wajenmu, ta fi saurin kisa, kuma ana iya samun su biyun a jiki ɗaya.

Na biyu, ka buɗe baki ka gaya wa likita ƙasar da ka je da ranar da ka dawo, ko bai tambaya ba. Likita ba ya duba. A satin farko ana neman ƙwayar kanta a jini, bayan sati kuma ana neman alamar da ta bari. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin wannan ba, don haka a nemi babban asibiti. Mu na Hotoro, Tarauni, Unguwa Uku da Gyadi-Gyadi ga Asibitin Malam Aminu Kano kusa da mu, su za su faɗi inda za a kai jinin.

Na uku, hutu da shan ruwa sosai. Kunu mai ruwa-ruwa, romo, ruwan gishiri da suga na asibiti in ana amai, zuma cokali ɗaya a ruwan ɗumi ga wanda ba shi da ciwon suga. Jariri da bai shekara ba ba a ba shi zuma.

Na huɗu, sanyaya jiki da ruwa. Wannan koyarwar Manzon Allah ce (SAW) game da zazzaɓi, kuma likitocin yau ba su saɓa mata ba. A jiƙa tsumma da ruwan da ba shi da sanyi ƙarara, a goga a goshi, wuya da hammata.

Na biyar, farasitamol kaɗai don zafin jiki da ciwo. Babba ƙwaya biyu ta 500, a bar aƙalla awa shida tsakani, kada a wuce ƙwaya takwas a kwana ɗaya. Na yara bisa nauyinsu ne, a tambayi ma'aikacin lafiya.

Na shida, wanda mutane suka fi mantawa: mai ciwon ya kwanta cikin gidan sauro har da rana, tsawon satin nan. A wannan lokacin jininsa cike yake da ƙwayar. Sauro ɗaya ya cije shi, bayan kamar sati shi ma ya zama mai rabawa, daga ɗakin maigida zuwa na uwargida zuwa gidan maƙwabci. Lokacin annobar Amwas Sayyidina Umar (RA) ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham, domin Annabi (SAW) ya hana shiga garin annoba ya kuma hana fita daga cikinsa. Hikimar ita ce kada mutum ya zama sanadin kai cuta inda babu ita. Kai da ka riga ka dawo gida, gidan sauron nan shi ne naka aikin da wannan karantarwa. Haƙƙin maƙwabtaka ne.

*Satin farko: abin da ba za a yi ba*

Kada a sha asfirin, ibuprofen, diclofenac, Felvin da danginsu, sai likita ya tabbatar ba dengi ba ce. Dengi da cikungunya kamar Hasan da Husaini suke a kwanakin farko, sauro ɗaya ke kawo su, kuma dengi tana rage abin da ke tsayar da jini a jiki. Waɗannan magungunan suna ƙara buɗe ƙofar zubar jini. Kada a ce dengi ta nesa ce, an tabbatar da ɓullarta a Sakkwato a ƙarshen 2023.

Kada a yi ƙaho, kada a yi tsaga, kada a yi sakiya. Ni mai yin ƙaho ne, ina kuma ganin falalarsa, amma komai da lokacinsa. Wanda jininsa ba ya tsayawa in ka tsaga shi ka cuce shi. Alhajin da na ba ku labari Allah ne Ya rufa mana asiri, lokacin da na sa aka yi masa zazzaɓin ya riga ya wuce.

Kada a dage da tafarnuwa da citta masu yawa a wannan satin, su ma suna ɗan tsinka jini.

Kada a rufe mai zazzaɓi da bargo a kan tukunyar sirace har ya jiƙe sharkaf. Ruwan jikinsa zai ƙare, yana iya sumewa.

*Alamomin da ba a kwana da su a gida*

Jini daga hanci ko dasashi, baƙin bayan gida, ciwon ciki mai tsanani, aman da ya ƙi tsayawa, ruɗewa ko fisge-fisge, numfashi da ƙyar, ƙarancin fitsari. Haka nan jariri, mai ciki, tsoho da mai sikila, da zarar zazzaɓi ya zo a tafi asibiti. In kuma gaɓa ɗaya tak ce ta kumbura ta yi zafi jau, wannan wata matsalar ce daban, tana iya zama ruwa ne ya taru da ƙwayoyin cuta, ba ta jiran gobe.

*In zazzaɓi ya tafi, ciwon gaɓa ya zauna*

A nan ne ake asarar dukiya da lafiya, domin mai ciwo ba ya ƙin jin "ga magani". Gaskiyar da zan faɗa muku tsakanina da Allah: har yau babu maganin da ke kashe wannan ƙwayar, ba a kemis ba, ba a shagona ba. Duk wanda ya ce yana da jarkar da ke fitar da ita cikin kwana uku, kuɗinka yake so. Abin da muke yi shi ne sauƙaƙa ciwo da kare gaɓa har jiki ya gama yaƙinsa da izinin Allah.

Abin da nake ba masu zuwa wajena shawara:

• Gashi da ruwan ɗumi da asuba kafin alwala, minti goma zuwa sha biyar. In gaɓar ta kumbura tana zafi, tsumma mai sanyi ya fi.

• Shafa man zaitun haɗe da ɗan man habbatussauda, ko man kaɗanya, a hankali. Shafawa na ce, ba murza ba, ba ja ba. Kada a kai wa mai ɗori, ba karaya ba ce.

• Shayin citta ko kurkum kofi ɗaya zuwa biyu a rana. Mai gyambon ciki, mai ciki, da mai shan maganin tsinka jini su tambayi likita tukuna.

• Miyar zogale, kifi, ganye da 'ya'yan itace. Mai ƙiba ya rage, gwiwa ce ke ɗaukar kayan.

• Motsi kullum. A buɗe yatsu a rufe, a juya idon sawu, a taka zuwa masallaci a hankali. Gaɓar da aka ajiye ita ke sandarewa.

• In an wuce wata uku ana fama, ko gaɓa tana kumbura, a nemi likitan gaɓoɓi. Suna da magungunan da ke kwantar da kumburin, amma sai da gwaji da sa ido.

Sannan ina roƙonku da girman Allah ku guji haɗin da ake ƙullawa a leda, "sha yanzu magani yanzu", da jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba. Sau da yawa sirrin irin wannan haɗin shi ne dexamethasone ko prednisolone tare da maganin ciwo biyu ko uku. Ranar farko za ka ji kamar an cire maka ƙaya. In ka zarce watanni, fuska ta kumbura, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, ciki ya yi gyambo, ƙoda ta gaji. Ka je neman sauƙin gwiwa ka ƙare a layin wankin ƙoda. Wanda kuma ya riga ya daɗe yana sha, kada ya yanke rana ɗaya, ya je likita ya sauke shi a hankali.

*Sallah da zuciya*

Wasu suna tilasta wa kansu tsayuwa da durƙuso har su ƙara wa gaɓa rauni, wasu kuma su bar sallar gaba ɗaya. Duka biyun kuskure ne. Tun a Ahalari muka karanta matakan sallar mara lafiya: tsaye, sai tsaye da jingina, sai zaune, sai zaune da jingina, sannan a gefen dama, ko hagu, ko rigingine. Wanda ba ya iya sujada ya yi nuni. Wanda yatsunsa suka ƙi, wani ya zuba masa ruwan alwala, babu laifi.

A yi addu'a, a yi tofi da ayoyin Alƙur'ani da abin da ya tabbata daga Annabi (SAW), a yi sadaka, a sa rai da kankarar zunubi. Amma a ji tsoron Allah wajen ɗora wa mutane jifa da sammu ba da hujja ba. Zato zunubi ne ko da ciwo ne ya sa aka yi shi. Ku tuna amaryar can. Masu gida kuma ku yi wa mai wannan ciwon uzuri, domin ciwo ne da ba ya nuna kansa a fuska. Matar da ta ce ba ta iya tuƙa tuwo ko matse wanki, ba lalaci ba ne.

*Kafin tafiya da bayan dawowa*

Mai tafiya ya tambayi halin garin da za shi. Ya riƙi man shafawa mai korar sauro, ya shafa da rana ba da dare kaɗai ba, ya sa riga mai dogon hannu da safa, ya zaɓi masauki mai raga a taga. Mai tsohon ciki da tsoho mai rauni, in ana annobar a garin kuma tafiyar ba dole ba ce, a ɗaga ta. Wanda ya dawo ya sa ido a jikinsa sati biyu.

A gida kuma, wannan sauron ba ruwan kwata ya fi so ba. Ruwa mai kyau da ya kwanta a mazubi yake nema: randa, duro, tankin da ba murfi, bokitin bayan ɗaki, kaskon kaji, gwangwani, ledar fiya-wata, da tsohuwar taya. Ku dubi tayoyin da ke jibge wajen masu faci a titin Maiduguri da bakin bayfas bayan an ɗauke ruwan sama. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne, kuma ƙwan yana manne a jikin mazubi ya yi watanni a bushe bai mutu ba. Don haka zubar da ruwan kaɗai bai isa ba, sai an goge cikin randar da soso. Mu ɗauki al'ada: kowace Juma'a, yadda muke wanka mu yanke farce, a wanke randa da duro, a rufe su, a kife duk abin da ke tara ruwa, a huda tsofaffin tayoyi ko a cika su da ƙasa. Limamai da masu unguwanni su taimaka da tunatarwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alhajin nan yana nan da ransa da lafiyarsa. Sai da ya kusa shekara kafin ya iya dunƙule hannunsa sosai, yanzu kuwa shi ke tuƙa motarsa zuwa kasuwa. Amaryar tana ɗakinta da 'ya'ya uku, Hajiya ma ta nemi gafararta tun tuni. Da izininsa na ba da labarin, da sharaɗin ban kama suna ba.

Don haka in matafiyinku ya dawo, bayan "sannu da hanya" da "ina tsarabata", in ya kwanta zazzaɓi cikin sati biyu, ku tuna abu uku: a gaya wa likita inda ya je, farasitamol kaɗai, gidan sauro dare da rana.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, Allah Ya yafe mini. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi mai ɗorewa. A tura wa 'yan'uwa, musamman zaurukan 'yan kasuwa da na masu raka majinyata.

Wassalamu alaikum warahmatullah.
Ɗan'uwanku, daga Hotoro, Kano.